Gudun fanfalakin Legas: na kilomita 42 ko na 10?

Wani ɗan'uwanmu daga Zariya ya yi tambaya, na ga amsoshin da ya samu ba su wuce "Allah ya ba da sa'a" ba. Ya ce yana fita gudu bayan sallar asuba, yakan yi kilomita 8 cikin kusan minti 50, bai taɓa shiga gasa ba, yanzu kuma ransa ya biya da gudun fanfalakin Legas. Shin ya yi rajistar babban, mai kilomita 42, ko ƙaramin mai kilomita 10? Na shiga duka biyun a shekaru daban-daban, don haka malam, bari in jera maka su ka gani.

Tun farko dai ga ra'ayina: bana ka ɗauki na 10. Kada ka ji kamar na raina ƙoƙarinka, domin wanda ke yin kilomita 8 cikin minti 50 ya fi rabin mutanen da za ka gani a layin farawa shiri. Sai dai gudun nan biyu, suna ɗaya suke ci, rana ɗaya ake yin su, wuri ɗaya ake ƙarewa, amma abin da jikinka zai gani a kowanne daban yake.

An fara wannan gasa a watan Fabrairun 2016, bankin Access ne ke ɗaukar nauyinta tare da gwamnatin jihar Legas, kuma in ban da 2021 da annobar korona ta tura ta zuwa Afrilu aka kuma taƙaita mahalarta, ranar Asabar ce a cikin Fabrairu. Hanyar da aka bi a babban gudun lokacin da na shiga tana tashi daga Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere da ƙarfe shida da rabi na safe, ta bi Ojuelegba, ta hau titin Ikorodu zuwa Anthony, ta karkata Gbagada da Oworonshoki, ta hau gadar Third Mainland, ta sauka ta shiga Ikoyi, ta tsallaka Lekki, ta dawo ta Victoria Island ta ƙare a Eko Atlantic. Tsawonta kilomita 42 da mita 195. Masu shiryawa kan taɓa hanyar wata shekarar, saboda haka taswirar shekarar da za ka je ita ce abin dubawa. Na 10 kuwa daga ɓangaren Lekki yake tashi ya bi ƙarshen wannan hanya zuwa Eko Atlantic.

Dubi lokacin tashi tukuna, domin nan ne mutane ke ruɗuwa. Babban gudun da duku-duku ake sakin shi, gari bai gama wayewa ba. Asuba a Legas a wannan wata wajen shida saura take shiga, kenan sallama za ka yi ka ɗaure takalmi ka nufi layi. Awa ta farko daɗi gare ta, iska da sauƙi, ana kiɗa, mutanen Ojuelegba sun fito bakin titi suna ihu, yara na miƙo hannu ka tafa. Na 10 kuwa sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin da na shiga wajen tara da rabi aka sake mu. Wato gajere ne, amma tun takun farko rana na kanka. Wanda ya ce maka na 10 wasan yara ne, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa cikin dubban mutane a Lekki yana jiran a busa usur, gumi na bin bayansa tun bai ɗaga ƙafa ba.

Wannan gumin shi ne babban abin da ɗan Arewa bai shirya masa ba, ko wanne ya zaɓa. Kai a Zariya cikin hunturu kake atisaye. Iska busasshiya ce, da asuba har da rigar sanyi, gumi na fitowa yana bushewa kafin ka san ya fito, kuma bushewar nan ita ke sanyaya jiki. A Legas iskar kanta a jiƙe take saboda teku. Gumin zai fito amma ba inda za shi, sai ya tsaya a jiki, riga ta manne, safa ta jiƙe, zafin cikin jiki ya yi ta hawa, zuciya ta ƙara bugu alhali gudun da ka saba yi ne kake yi. A na 10 wannan azaba ta awa ɗaya ce da 'yan mintuna, ka cije ka gama. A na 42 lissafa da kanka: in ka riƙe minti 7 a kowace kilomita ba tsayawa, kusan awa biyar kenan, za ka shiga Eko Atlantic wajen sha ɗaya da rabi. In ka haɗa da tafiya a ƙasa, wanda kusan duk sabon shiga sai ya yi, azahar ce za ta same ka a kan kwalta.

Ko manyan 'yan tsere zafin nan na taɓa su. David Barmasai ɗan Kenya ya ci gasar a 2020 cikin awa 2 da minti 10 da daƙiƙa 23, kuma a Legas wannan gudu ne na bajinta. Marigayi Kelvin Kiptum kuwa awa 2 da daƙiƙa 35 ya yi a Chicago cikin sanyin Oktoban 2023. Ba zafi kaɗai ya raba su ba, amma yana da kaso mai tsoka. Ka kuma lura, su Barmasai tara ba ta yi ba sun gama, sun sha ruwa suna hira da 'yan jarida. Ranar da ke gasa mutane ta mu 'yan baya ce.

Abin da babban gudun yake da shi a hanyar da na bi, wanda ƙaramin ba zai taɓa ba ka ba, shi ne gadar Third Mainland. Tsawonta kusan kilomita 12, an buɗe ta a 1990 zamanin Babangida, kuma a ranakun aiki motoci ne maƙare a kanta. Ranar gudu sai ka tarar da ita fayau. Kana hawa daga Oworonshoki hayaniyar gari ta yanke kamar an rufe ƙofa. Ba gida, ba shago, ba mai tafa maka, ba ko bishiya ɗaya. Sautin takalma kawai da numfashin na kusa da kai. Rana na tasowa ta hagunka a kan ruwa, ta dama ka hango Jami'ar Legas, can gaba gidajen Makoko da aka kafa kan sanduna a cikin ruwa, hayaƙi na tashi, masunta cikin kwalekwale suna ɗaga kai suna kallon mahaukatan da ke gudu ba wanda ya kore su. Kilomita biyun farko za ka ce wannan kallo kaɗai ya biya kuɗin mota. Zuwa ta shida ka daina kallon ruwa, idonka na kan farin layin kwalta, kana hango wani lanƙwasa ka ce can ne ƙarshe, ka isa ka ga wani a gabansa. A nan na ga wani dattijo, furfura fal kansa, yana gudu a hankali yana ƙirga taku da lebe, bai ɗaga kai ya kalli kowa ba. Matasan da suka wuce shi a guje a titin Ikorodu, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tarar da su dafe da ƙarfen gefen gada. Kafin ka sauka daga gadar ka ci rabin tseren, kuma yawancin masu fasawa a nan zuciyarsu ke fara karaya.

Ƙaramin gudun ba shi da wannan kaɗaici ko kaɗan, matsalarsa ma akasin haka ce. Cunkoso ne. Ma'aikatan kamfanoni cikin riga iri ɗaya, 'yan makaranta, iyaye da 'ya'yansu, masu tafiya a jere su huɗu-biyar sun tare hanya suna ɗaukar hoto. Kilomita ta farko ba gudu za ka yi ba, kewaye-kewaye za ka yi ta yi kana neman kafa. In kana son ka san ainihin lokacinka, ka je da wuri ka matsa gaba. In kuwa nishaɗi ka je nema, to ka same shi, biki ne sosai.

Sai maganar kilomita 30, wadda ita ce ainihin dalilin da ya sa na ce ka dakata. Jiki na ajiye sukarin da yake ƙonawa a cikin tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta kai mutum ƙarshen kilomita 42. Wajen 30 zuwa 32 take ƙarewa, daga nan jiki ya koma dogaro da kitse, shi kuma a hankali yake ba da ƙarfi. Ba irin gajiyar da ka sani ba ce. Numfashinka lafiya lau, hankalinka na cewa tafi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Sha-raɓa ta ɗaure, cinya ta ɗaure, gishirin jiki ya fita da gumi har ka ga fari-fari a rigarka. A hanyar Legas wannan yakan faɗo ne tsakanin Ikoyi da Lekki, daidai inda gadar nan mai igiyoyi da aka buɗe a 2013 take jiran ka da ɗan hawanta, rana kuma ta take. Za ka ga ƙarti zaune a bakin titi suna dukan ƙafarsu da hannu. Wani abin haushin, gaba kaɗan da nan za ka cimma 'yan bayan na kilomita 10, suna tafe suna raha da waya a hannu, kai kuwa ko amsa "sannu" ba ka iyawa. Mai gudun kilomita 10 bai san wannan hali ba, ajiyarsa ta ishe shi har da saura. Kai da mafi tsawon gudunka kilomita 8 ne, tsakaninka da wurin nan akwai kilomita 22 da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Ƙwarin zuciya ba ya cike wannan giɓi, atisaye ne ke cike shi: aƙalla wata huɗu, kana ƙara tsawon gudu ɗaya a kowane mako sannu a hankali har ka taɓa 28 ko 30, kana koyon shan ruwa da cin wani abu kana cikin tafiya.

Guzuri ma ya bambanta. A na 10 ka karya da abu mara nauyi awa biyu kafin tashi, ka kurɓi ruwa a hanya, shi kenan. A na 42 dole ka ci a hanya. Ni dabino nake ƙullawa a leda, da ƙullin gishiri-da-sukari irin na kemis, da ƙaramar gora a hannu, domin tazarar da ke tsakanin teburin ruwa da na gaba tana yi wa mai tafiyar hawainiya nisa. Kada kuma tsoro ya sa ka ɗura ruwa zalla fiye da kima, shi ma yana da haɗari in gishirin jini ya yi ƙasa. Ka shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi da kan nono, in ba haka ba rigar da ta jiƙe za ta goge ka har jini. Sabon takalmi kuwa, ko kyauta aka ba ka daren gudu, ka bar shi a jaka.

Wurin kwana: in babban ne kuma daga Surulere zai tashi, Idi-Araba ba ta da nisa da Surulere, kuma ba za ka rasa ɗan gida a can ba. In ƙaramin ne, gara ka kwana ta tsibiri, Obalende ko kusa da nan, saboda tun da sassafe ake rufe hanyoyi. Kada ka sa rai da acaɓa, an hana shi a Surulere da Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomin tun 2022. Lambar ƙirji da riga kwanaki kafin ranar ake karɓa, ni a filin Teslim Balogun da ke fuskantar Filin Wasa na Ƙasa na karɓi tawa, wanda hakan ma dalili ne na isa Legas da wuri jikinka ya ɗan saba da iskar. Eko Atlantic kuma fili ne da aka cike teku da yashi aka samar, inuwa ba ta da yawa. Mai na 10 zai karɓi lambar yabonsa ya tsaya kallon mawaƙa, da yamma ya shiga kasuwa, washegari ya hau motar Zariya lafiya lau. Mai na 42 ko hawa matakalar mota sai ya yi shawara, ya kuma shirya rabuwa da farce ɗaya ko biyu. In zai yiwu kada ya yi doguwar tafiyar mota washegari.

Af, in ka tsaya wurin ba da kyauta ka saurari sunayen 'yan Najeriyan da suka fara shigowa, akwai rukuninsu daban. Za ka ji kusan duk 'yan Filato ne, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam, waɗanda ke atisaye a kan tsaunuka cikin sanyi. Kofin gaba ɗaya kuwa, tun daga Abraham Kiptum da ya ci na 2016 da 2017, 'yan asalin Kenya da Habasha ke ta karɓa.

Abu biyu ka duba kafin ka yi rajista. Na farko kalanda. A 2026 bayan tsakiyar Fabrairu kaɗan aka ɗauki azumi, kuma duk shekara yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11, kenan shekarun nan Fabrairu da Ramadan cuɗe suke. Kilomita 42 a zafin Legas ba ruwa ba abin gwadawa ba ne, na 10 ɗin ma da hantsi ban ba ka shawara ba, don haka ka tabbatar da ranar kafin ka sayi tikiti. Na biyu asibiti. In kana da hawan jini, ko sikila, ko ka taɓa jin ƙirjinka ya riƙe kana gudu, likita ne zai fara sa hannu kafin kowa. In duk wannan ya yi daidai, daga yanzu ka mayar da gudu ɗaya a mako zuwa hantsi maimakon asuba, ka kuma ja shi ya kai kilomita 12.