Shagon tsofaffin littattafai na hanyar Ƙofar Ƙaura

Mai neman littafin da ya gagara samuwa a Katsina ya leƙa ɗan shagon nan na hanyar Ƙofar Ƙaura, kusa da masu fotokwafi. Ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa giftawa a ciki, amma a nan na tsinci fassarar Turanci ta gajerun labaran Jan Neruda, marubucin ƙasar Cek, a kan naira 2,500.

Baba mai shagon ya jera shi tare da waƙoƙin Pablo Neruda na Chile. Da na yi magana sai ya ce, "Ai 'yan gida ɗaya ne, Malam." Ba su haɗa komai ba. Jan ya rasu a 1891, shi kuwa na Chile sai 1904 aka haife shi, kuma Neruda sunan alƙalami ne ya ara wa kansa. Wannan ce matsalar shagon: babu rajista, komai a kan Baba yake.

Littafin dai ya ci kuɗinsa. An haifi Jan Neruda a 1834 a birnin Prag, ya tashi a unguwar Malá Strana da ke ƙarƙashin fadar birnin, inda mahaifinsa ke da kantin kayan masarufi da taba. Mutanen unguwar ya zuba a labaran da suka fito a 1878: 'yan kanti, masu haya, magulmata. Wanda ya fi tsaya mini shi ne na wani tsohon mabaraci da aka ƙaga masa cewa yana da gidaje a hayin kogi, kowa ya janye masa sadaka har ya tagayyara. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gida a cikin gari ya san yadda irin wannan zance ke kashe mutum da ransa.

Gabatarwar ma ta yi amfani. Ta nuna cewa ɗan jarida ne kafin komai, ya daɗe yana rubuta gajerun sharhi a jaridar Národní listy da harshen Cek, a zamanin da ƙasar ke hannun Ostiriya, Jamusanci ke da fada a ji. Titin da ya zauna yanzu sunansa yake ɗauke da shi, Nerudova.

Sai dai a duba kaya kafin a biya. Gara ta ci gefen shafukan ƙarshe na kwafina, ƙura kuwa mai asma ya zo da takunkumi. Baba ba ya karɓar taransfa, sai tsaba, kuma daga Azahar zuwa La'asar a rufe za ka tarar. Yana ragi idan ka ɗauki littafi fiye da ɗaya. Waƙoƙin Jan ɗin ba su cikin kayansa, amma ya ce zai tambayi dillalinsa na Kano.