Littafin rubuta godiya da na saya a Jos

Wannan ɗan littafi na same shi ne a wani shagon littattafan Kirista kusa da Terminus. Bangonsa mai kauri ne, yana shiga jakar hannu. Kowane shafi da aya a samansa, ƙasa kuma layuka uku na rubuta abin da Ubangiji ya yi maka yau.

Zaɓen ayoyin ne ya fi burge ni. Ba a tsaya kan Zabura 100 da 103 kaɗai ba. Akwai 1 Tasalonikawa 5:18, mai cewa a yi godiya cikin kowane hali, akwai kuma Luka 17, labarin kutare goma da Yesu ya warkar, Basamariye ɗaya tak ya dawo ya yi godiya. Ranar da na ci karo da Habakuk 3:17-18, mai maganar yin murna da Ubangiji ko da gonaki ba su ba da abinci ba, lokacin masararmu ta sha fari, sai da na yi hawaye kafin na iya rubuta komai. Daga baya na rubuta: lafiyar yara, ruwan rijiya, maƙwabciya da ta kawo mana acca.

Yanzu bayan addu'ar dare kowa a gida yakan faɗi nasa, autarmu ce mai rubutawa.

Takardar dai siririya ce, biro mai ruwa yana ratsawa, sai a yi da fensir. Layuka uku ma sun yi kaɗan ranar Lahadi. Duk da haka zan saya wa 'yan zumuntar mata kafin godiyar kaka.