Matakalar da ta sa muka fasa rufi a Ingila

Yaya, ina gaishe ku, a gaida Inna da duk mutanen gida.

Gidajen da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya a nan Manchesta a manne suke da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Idan iyali suka ƙaru, sama ake nufa: sararin da ke tsakanin silin da rufi, inda ake jibge akwatuna, shi ake gyarawa ya zama ɗaki. Yaranmu sun tasa, dole a raba wa maza da mata wurin kwana, sai muka shiga aikin.

Ɗakin bai ba da wahala ba. Matakala ce ta zame mana ƙarfen ƙafa. Kafinta ya gama kafa ta, sai jami'in duba gini na ƙaramar hukuma ya zo da tef ɗin awo. Ko zama bai yi ba. Ya hau, ya auna daga kan taki zuwa rufi, ya ce ba zai sa hannu ba. Dokarsu ta ce a bar mita 2 a saman kowace matakala. Ga irin wannan ɗaki an yi sassauci, mita 1.9 a tsakiya, 1.8 a gefe, amma tamu ta gaza da 'yan santimita. Na ce masa duk gidan babu dogo. Ya ce wata rana wani ne zai zauna a ciki. A gaban 'ya'yana aka yi wannan, kuma babu zancen a taimaka, babu na goro. Raina ya ɓaci matuƙa. In babu takardarsa, ranar da za ka sayar da gidan ka shiga uku, don haka muka fasa rufi aka ɗaga shi, aka fitar da taga. Kuɗin da ya tafi zai gina ɗaki biyu a ƙauyenmu.

Da na huce na nemi sauran ƙa'idojin. Tsayin taki kar ya wuce santimita 22, faɗinsa kar ya gaza haka, kuma duk takun su zama daidai da juna. Sandunan makari kar a bar musu tazarar da ta kai santimita 10, saboda kan yaro. Ga ƙofofi masu jure wuta, ga na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Wallahi duk wanda ya tsara wannan ya tuna da tsoho da jariri.

Abin da har yanzu ban iya haɗiyewa ba shi ne maƙwabci. Wai sai ka rubuta masa takarda, bisa wata doka ta 1996, kafin ka taɓa bangon da kuka haɗa. Mutumin da a Ringim za ka tare bayan Magariba ku gama magana a kan dakali! Kuma ɗakin nan, duk tsadarsa, bai kai kwanan saman soro da bazara daɗi ba.

Amma mu ma a faɗa mana gaskiya. Sai an zuba kankaren bene sannan a tuna ta ina za a hau. A matse matakala a lungu, wannan taki dogo, wancan gajere, babu makari, kowa ya iso tsakiya sai ya sunkuya. Maginan ƙasa na da, da kamu da taƙi kawai suke awo, amma ba su yin wannan ganganci. Yanzu ga tef a aljihun kowane birkila, sai dai gaggawa da rowar siminti.

Don haka, Yaya, benen da ake ɗorawa a gida, don Allah ku tsayar da birkila kafin a zuba kankare. A fara fitar da wurin matakala, a bar mita 2 a samanta, a auna takun yadda Inna za ta iya hawa ita kaɗai. Ku turo mini hoton awon ta WhatsApp, sannan a taɓa kuɗin simintin da na aiko.