Ciwon baya da ya ƙi tafiya bayan tiyata: me ya cancanci kuɗinka?

Wanda aka yi wa aiki a ƙashin baya, wata uku suka wuce, shida suka wuce, ciwo bai tafi ba, shi ne irin abokin cinikin da kowa ke nema. Mai katifa na da magana a kansa, mai bel ɗin ɗaure ƙugu na da ita, mai na'urar lantarki ma haka, kowanne yana rantsuwa nasa ne maganin. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Don haka kafin a zo kan kaya, sai ka san wane irin ciwo ke damunka.

Akwai ciwon bayan shi kansa, mai tsami da nauyi a ƙugu, wanda ke tashi idan ka daɗe a zaune ko ka sunkuya, ya lafa idan ka kwanta. Akwai kuma na jijiya, mai gangarawa daga ɗuwawu zuwa cinya har tafin ƙafa, da raɗaɗi ko fizga, wani lokaci yatsu su mutu. Shi wannan babu ruwansa da kwanciyarka, da tsakar dare ma yakan tashe ka. Yakan zo ne daga tabon da ya taru a gefen jijiya bayan aiki, ko kuma jijiyar ta daɗe a danne tun kafin aikin har ta ji rauni. Abin da ke taimakon na farko ba lallai ya taɓa na biyu ba.

Idan kuwa fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa na ƙara rauni har tana jan ƙasa, ko ga zazzaɓi ga wurin ɗinki yana ruwa, wannan ba maganar saye ba ce. Asibiti za ka tafi a ranar.

Katifa, kujera da bel

An daɗe ana cewa mai ciwon baya ya nemi katifa mai tauri kamar katako. A 2003 wasu likitoci a Sifaniya sun gwada haka da mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan kwana 90, waɗanda aka ba mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu mai tauri sosai. Ba waɗanda aka yi wa tiyata aka gwada ba, amma darasin ya isa: tauri kaɗai ba shi ne lafiya ba. Idan za ka saya, kada ka tsaya danna ta da hannu. Kwanta a gefenka na minti goma sha biyar. Kafaɗa da kwatangwalo su ɗan nutse, ƙugu kuma kada ya rataye babu abin da ya tallafe shi. Ka fifita mai sayarwar da zai ba ka damar mayarwa bayan 'yan makonni, domin daren farko ba ya faɗin gaskiya. In katifarka tauri ne kawai ya yi mata yawa, siririyar shimfiɗar soso a kai ta wadatar, da filo tsakanin gwiwoyi. Tsayin gadon ma abin dubawa ne, gado mai ƙasa sosai kan sa tashi da safe ya zama aiki.

Maganar kujera ba ta da tsawo. Ta kasance da hannuwan da za ka dafa ka miƙe, ƙafafunka su taɓa ƙasa, bayanta ya tokare ƙugu. Tawul da aka naɗe yana yin wannan aikin na ƙarshe. Kujera mafi tsada ba za ta cece ka ba idan ka yi awa uku a kanta ba ka motsa ba.

Bel ɗin da likitan tiyata ya ce ka ɗaura na wasu makonni bayan an haɗe ƙasusuwa, wannan umarni ne, ka bi. Wanda ake tallatawa don ɗaurawa kullum kuwa, hukumar NICE ta Ingila, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, ta ce tun 2016 kada a riƙa ba masu ciwon baya shi, don babu hujjar yana magani.

Na'urar TENS da abin ɗumama baya

TENS ƙaramin akwati ne mai batir da wayoyi, ana manna faifansa a fata ya riƙa sakin lantarki kaɗan-kaɗan. NICE ta sa shi ma cikin abubuwan da ba ta ba da shawara ba. Duk da haka akwai masu cewa yana rage musu ciwo muddin yana kunne, kuma ba shi da haɗari sosai. Ra'ayina shi ne ka gwada shi wurin likitan gashin ƙashi kafin ka sayi naka, ka kuma tambayi kuɗin faifan mannawa, domin su ne ke ƙarewa a kai a kai. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu, kada su taɓa shi sai da izinin likita. Abin ɗumama baya kuma ka zaɓi mai kashe kansa bayan ɗan lokaci, kuma kada ka ɗora shi inda fata ta mutu, za ka ƙone ba ka ji ba.

Magani da motsa jiki

A nan ne kuɗi ke zurarewa wata bayan wata. A 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da kwatangwalo. Bayan shekara guda, masu shan magunguna dangin mofin ba su fi masu shan sauran magungunan ciwo samun sauƙi ba, sai ma illa da ta fi yawa a wajen masu shan dangin mofin ɗin. Pregabalin da ake yawan rubutawa don ciwon da ke gangarawa ƙafa, an gwada shi a Ostireliya a 2017, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Wannan ba ya nufin ka watsar da naka yau, yanke irin waɗannan farat ɗaya na da haɗari. Abin yi shi ne ka zauna da likita ku tsayar da lokaci: in bayan makonni kaza ba ka ƙara tsawon tafiya ko barci ba, a rage a hankali. Su ibuprofen da diclofenac kuwa, shan su kullum na cin ciki da ƙoda.

In da abu ɗaya tak za a saya, ni lokacin ƙwararren likitan gashin ƙashi zan ce. Amma su ma suna suka tara. Akwai wanda duk zuwa zai kwantar da kai ƙarƙashin fitila, ya manna maka na'ura, ya ce sai mako mai zuwa. Akwai kuma wanda zai auna minti nawa kake iya tafiya kafin ciwo ya tsayar da kai, in goma ne ya ce fara da bakwai sau biyu a rana, ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya koya maka tashi daga gado ta gefe da ɗaukar abu daga ƙasa. Na biyun nake nufi. Alamarsa ita ce yana shirin ranar da za ka daina zuwa wurinsa.

Na'urar da ake dasawa kusa da laka

Wannan ce babbar saye, kuma ita ta fi bukatar natsuwa. Ana zura siraran wayoyi a gefen laka, a binne batir ƙarƙashin fata a saman ɗuwawu ko a gefen ciki, lantarkin ya riƙa dagula saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. An fara dasa ta a 1967, kuma kamfanoni irin su Medtronic, Abbott da Boston Scientific na ƙera ta.

Hujjojinta sun rabu biyu. A wani gwaji na 2007 da mutum 100 waɗanda ciwon ƙafa ya zauna musu bayan tiyata, kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa sun samu ragin rabin ciwo a wata shida, masu magani kaɗai kashi 9. Sai dai kowa ya san abin da aka yi masa, abin da kan iya rinjayar yadda mutum ke jin ciwonsa, kuma kamfanin na'urar ne ya ɗauki nauyin aikin. A 2022 aka yi wani a Norwe da mutum 50, ana kunna musu na'urar wani lokaci, wani lokaci a kashe ba tare da sun sani ba. Ba a ga wani bambancin kirki ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2023 ma ba ta ga amfani mai ɗorewa ga ciwon baya ba. Abin da na fahimta shi ne, in za ta yi wa wani amfani, mai ciwon jijiya a ƙafa ne, ba mai tsamin ƙugu ba.

Alherinta ɗaya, ana gwada ta kafin a dasa. Ana barin wayoyin na kusan mako guda da batir a waje. Ka riƙe takarda a kwanakin nan, ka rubuta awa nawa ka yi barci, nisan da ka taka, ƙwaya nawa ka sha. Kada kunyar likita ko ɗokin sabon abu su sa ka ce ta yi alhali ba ka tabbata ba. Sannan ka yi tambayoyi. Batir mai caji ne, wanda kan kai wajen shekara goma amma sai ka riƙa zama kana cajinsa, ko marar caji, wanda ke bukatar wani ƙaramin aiki bayan 'yan shekaru? Za a iya yi maka hoton MRI da ita a jiki? Idan waya ta goce daga wurinta, abin da kan faru, wa zai gyara, wa zai biya? In ta daina aiki, wa zai cire ta?

Sake yin tiyata kuwa sai in hoto ya nuna abu takamaimai da ya dace da inda kake jin ciwon: faifan guringuntsi ya sake bullowa ya danne jijiya, ƙusar da aka sa a ƙashi ta saki, ƙashin da aka haɗa bai kama ba, ko gaɓar da ke maƙwabtaka ta lalace. In tabo ne kawai, yanka na biyu wani tabon zai haifar, kuma damar samun sauƙi na raguwa da kowane ƙarin aiki. Ka ce wa likitan ya ɗora yatsa a kan hoton ya nuna maka abin da zai gyara, ya faɗa maka ciwon baya ne zai ragu ko na ƙafa. Sai ka ɗauki hoton ka kai wa wani likitan da ba shi zai yi aikin ba.