Rediyon da ya shigo da karatun Malam tsakar gidana

Shekara 9 na yi ina ɗaukar karatu a zauren Malam da ke unguwar Birni a Damagaram, daga littafin fiƙihu na Ahalari har muka shiga na Risala, kuma a duk tsawon wannan lokaci iyalina ba su taɓa jin muryarsa ba, sai abin da na kawo musu a baki, wanda sau da yawa rabinsa ke zubewa a hanya. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, wani ɗan'uwa almajiri ya ba ni karatun da ya naɗa a waya. Dalilin ke nan da ya sa wata ranar Alhamis na shiga wani shago kusa da Kasuwar Dole, na sayi ƙaramin rediyo mai cin katin memori, aka zuba mini karatun a ciki.

Rediyon ba ya da nauyi, yana da fitila da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana a bayansa. Farantin bai cika aiki ba. Yini guda a rana ba ya kai ka isha'i, gara a yi masa caji da kuran, wato wutar lantarki, idan akwai. Yana kama Muryar Sahel da Anfani ba tare da wahala ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne sautinsa, domin muryar dattijo da aka naɗa a zaure, ga tari ga kukan tumaki, tana fita tangaram har madafa.

Uwargida takan rataye shi a jikin ƙusa bayan asuba tana dama koko. Wata safiya aka zo wurin da mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, yake cewa taƙaita ruwa tare da kyautata wankewa wajen tsarki sunna ne, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi alwala da mudu guda. Malam ya tsaya nan ya daɗe, yana cewa mutumin Damagaram da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa shi ya fi kowa cancantar riƙe wannan babi. Ta ce mini, "Maigida, ashe mu ma da mu ake." Tun daga ranar buta ɗaya ke isar yara biyu, ba tare da na ɗaga murya ba. Haka babin sallama da neman izini ya hana babban ɗana faɗawa ɗakin mahaifiyarsa kai tsaye, abin da na shekara ina faɗa bai ji ba.

Aibinsa babba ɗaya ne, kuma yana damuna ƙwarai: idan aka kashe shi ba ya tuna inda aka tsaya, sai ya koma farkon darasi. Mai shagon kuma ya zuba karatun a hargitse, har babin taimama ya riga na alwala. Da na koma, ya karɓe ni da mutunci, ya sa wa kowane darasi lamba a kwamfutarsa, bai karɓi ko dala ba. Duk mai niyyar saye ya nemi a yi masa wannan tun kafin ya bar shagon.

Makon jiya 'yata ta ji babin ƙabli da ba'adi, ta yi tambayar da ni kaina na kasa warwarewa. Na rubuta ta a takarda, ranar Asabar zan kai wa babban ɗan Malam, wanda yanzu shi ke zaune a kan buzun mahaifinsa.