Mazubin ajiyar tarko: wanne ya cancanci kuɗinka?

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a Tawa cikin watan Yuni, masu ɗana tarko sukan kwashe kayansu su koma gona. Daga nan har kaka, abu biyu ne ke lalata tarkon ƙarfe, wato tsatsa da wari. Tsatsa ido yana ganinta. Wari kuwa sai dila ya kewaye tarkonka ya wuce, ya je ya kama ɗan akuya, sannan ka gane.

Mafi araha shi ne buhu, amma a nan Adar buhun da zai zo hannunka ko na albasa ne ko na taki. Na albasa warinsa ba ya fita da sauƙi, taki kuma yana jan laima ya ci ƙarfe. Buhu bai tsare komai ba, sai dai in sabo ne za ka rataye a rumbu.

Akwatin ƙarfe irin na maƙera yana da ƙarko, ɓera ba ya huda shi, yara ma ba sa buɗewa in ka sa kwaɗo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake ajiye tarko mai kama ƙafa. Aibinsa fenti. Kafin ka biya, buɗe ka sa hanci. In ƙamshin fenti ya buge ka, sai ya sha iska makonni kafin ya yi amfani. Kada kuma ka aje shi a ƙasa tsirara, ɗora shi kan bulo.

Ni dai zaɓina bokitin roba mai murfi ne, ko ƙaramin duro, da sharaɗin ya zama sabo. Ƴan gwanjo za su nuna maka bidon mai da aka yanke wa baki su ce an wanke tas. Roba tana shan warin fetur da na man girki, sabulu kuma nasa warin yake ƙarawa. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko kyauta aka ba ka ka bar shi.

Sai dai murfi mai kamawa yana rufe laima a ciki, don haka shirin tarkon ya fi mazubin muhimmanci. Kankare jini da gashi, ka dafa shi cikin ruwan bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Ruwan yana haɗuwa da ƴar tsatsar da ke jikin ƙarfen ya mai da shi baƙi, ya rage masa saurin ci. Shanya shi ya bushe ƙayau, sannan ka tsoma cikin narkakken kakin zuma. Ka tuna ka goge kakin daga bakin maɗanar, in ba haka ba za ta riƙa zamewa tarkon ya tashi da kansa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana hana tsatsa, gaskiya ne, amma dila daga nesa yake jin sa. A ajiye tarko a sake, ba a ɗane ba, nesa da madafa da inda ake jingine babur. Tarkon ɓeran gida bai buƙatar wannan hidimar duka.

Kafin ka fitar da tarkunan bayan damina, leƙa wurin ma'aikatan gandun daji, domin dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta tanadi neman izini, kuma akwai namun dajin da ta hana taɓawa sam.