Wata uku da sa wa tsohuwar kwamfutata SSD

Shekara shida ke nan ina aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, amma bana tura ta kai bango. In na kunna ta, sai na zauna jira kamar mai jiran layi kafin ta saurare ni. Har na fara shirin sayen sabuwa, sai na buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi, na ga faifan ajiya na tsaye a kashi 100, sauran sassan kuwa suna hutawa abinsu. Ashe ba tsufa ke damunta ba, faifan HDD ne, tsohon samfurin ma'ajiyar bayanai, mai juyi 5400 a minti ɗaya, da allura mai yawo tana laluben bayanai.

Sai na yanke shawarar maye gurbinsa da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da babu faifai mai juyi a cikinta. Na ɗauki Samsung 870 EVO mai GB 500, samfurin inci 2.5 mai mahaɗin SATA, irin na tsohon faifan. Kafin ka sayi naka, duba ramin da kwamfutarka ke da shi, domin wasu na M.2 suke karɓa, wani siriri kamar tsinken cingam, kuma wannan ba ya shiga gurbin wancan.

Na fara haɗa sabon da wayar USB na kwashe komai daga tsohon, har da Windows ɗin. Wannan ne ya fi cin lokaci. Kuncewar ba wuya: na kashe ta, na cire caja da batir, na kwance kusoshi da ƙaramin sukudireba. Inda na sha gumi shi ne wata siririyar waya da ke riƙe da mahaɗin, saura ƙiris in tsinke ta don gaggawa. A bi ta a hankali. Sabon kaurinsa milimita 7 ne, tsohon 9.5, don haka ya ɗan yi lilo a gurbin sai da na ɗaure ƙarfen da ke riƙe shi sosai.

Da na kunna, ban gama gyara zama ba ta riga ta buɗe. SATA ba ya wuce kusan MB 550 a daƙiƙa, amma ba a kwafar manyan fayiloli na fi jin bambancin ba. A ƙananan abubuwa ne: manhaja ta buɗe da dannawa ɗaya, bincike ya fito nan take. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun. Wancan ƙaras-ƙaras ɗin da kunnena ya saba da shi ya ɓace, tunda babu abin da ke motsi a ciki.

Kada ka firgita in Windows ta nuna maka GB 465 maimakon 500, bambancin lissafi ne kawai. Kuma SSD ɗin bai ƙara mini RAM ba, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, in na tara shafukan intanet da yawa har yanzu tana nishi. Tsohon faifan na sa shi a ɗan akwatin USB, can nake adana kwafin hotunan iyalina duk ƙarshen mako.